York South: Kujerar da Ta Ƙi Zama Gadon Kowa

Wanda ya hau bas mai lamba 89 a yammacin birnin Toronto na ƙasar Kanada, ya bi titin Weston ya nufi arewa, ba zai ga gine-ginen gilashin nan masu ƙyalli da ake nunawa a hotunan birnin ba. Benayen haya zai gani da suka fara tsufa, da shagunan aika kuɗi gida, da mahautan da suka manna takardar halal a ƙofa, da gidajen abincin Somaliyawa da na 'yan Jamaika, da gidajen burodin 'yan Fotugal. Da asuba bas ɗin cike yake da masu sammakon aiki, waɗansu za su je goge-goge a asibiti, waɗansu ɗaukar kaya a rumbunan kamfanoni, waɗansu kula da tsofaffi. Wannan yanki shi ne mazaɓar York South-Weston, ɗaya daga cikin mafiya talauci a lardin Ontario. A da sunanta York South kawai. Daga nan ne shugabanni uku na jam'iyyar ma'aikata a lardin suka samu kujera, ɗaya daga cikinsu har ya zama Firimiya. Kuma a nan ne ƙuri'u ɗari uku da 'yan kai suka taɓa sa gwamnati ta sake lissafi kan albashin talaka.

Kafin a shiga labarin, yana da kyau a san yadda tsarin yake. Kanada tana da larduna 10, kowanne da majalisarsa da gwamnatinsa, kuma harkar asibiti da makaranta da dokokin ƙwadago galibi a hannun lardi suke. Majalisar Ontario, wadda ake kira Queen's Park da sunan dandalin da ginin yake, tana da kujeru 124 a yanzu. Kowace mazaɓa mutum ɗaya take turawa, kuma wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci, ko da tazarar guda ɗaya ce, ko da bai kai rabin ƙuri'un da aka kaɗa ba. Babu zagaye na biyu. Ba a kuma zaɓen shugaban gwamnati kai tsaye yadda ake zaɓen gwamna a Najeriya. Jam'iyyar da majalisa ta amince da ita ce ke kafa gwamnati, shugabanta ya zama Firimiya, irin tsarin da Sardauna ya yi mulkin Jihar Arewa a ƙarƙashinsa. Saboda haka shugaban jam'iyya, komai girmansa, sai ya nemi wata unguwa ta zaɓe shi. Idan unguwar ta juya masa baya, ba shi da wurin zama a zauren da ake yin muhawara. Duk tarihin York South a kan wannan ƙa'ida ya rataya.

An ƙirƙiri mazaɓar a 1926, lokacin da yankin yake bayan gari, cike da masana'antu. Kamfanin Kodak mai yin fim ɗin hoto yana da katafariyar ma'aikata a unguwar Mount Dennis, kamfanin CCM yana ƙera kekuna a Weston, ga kuma layin dogo ya ratsa ta tsakiya. Yawancin mazauna leburori ne da suka yi ƙaura daga Ingila da Sikotlan, da yawansu da hannunsu suka gina gidajensu, ɗaki bayan ɗaki. Talakawa ne, amma masu biyayya ga sarautar Ingila, don haka jam'iyyar masu ra'ayin riƙau suke zaɓa. Leopold Macaulay, lauya kuma minista a gwamnatin lardi, ya riƙe kujerar shekara 17 ba tare da ta kuɓuce masa ba.

Girgizar farko a zaɓen tarayya ta zo. A ƙarshen 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, masu ra'ayin riƙau suka dawo da Arthur Meighen, wanda ya taɓa zama Firayim Minista sau biyu, don ya ja ragamarsu. Yana buƙatar kujera a majalisar tarayya, sai aka duba aka ga babu inda ya kai York South aminci. Ɗan majalisar wurin ya sauka ya ba shi hanya, jam'iyyar Liberal kuma ba ta tsayar da kowa ba. Wanda ya fito ya tare shi malamin sakandare ne, Joseph Noseworthy, daga CCF, jam'iyyar ma'aikata da manoma da aka kafa a shekarun tsananin fatara na 1930. Meighen yana maganar tilasta wa samari shiga soja, malamin makaranta yana bin gida-gida yana maganar abin da zai samu lebura idan ya rasa aiki ko ya tsufa. Ranar 9 ga Fabrairu 1942 malamin ya kayar da tsohon Firayim Minista, kuma Meighen bai sake komawa majalisa ba.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka guguwar ta iso zaɓen lardi. A watan Agusta 1943 shugaban CCF na Ontario, Ted Jolliffe, lauya ɗan shekara 34 wanda aka haifa a ƙasar Sin inda iyayensa suke aikin mishan, ya karɓe York South. Jam'iyyarsa, wadda ba ta da kujera ko ɗaya kafin zaɓen, ta tashi da 34 cikin 90, masu ra'ayin riƙau na George Drew suna da 38. Kujeru huɗu kacal suka raba su. Sai dai Jolliffe bai ji daɗin kujerar ba. Ana saura kwanaki a yi zaɓen 1945 ya shiga rediyo ya zargi Firimiya Drew da ajiye 'yan leƙen asiri a cikin 'yan sandan lardi suna bibiyar 'yan adawa da shugabannin ƙwadago, ya kwatanta su da Gestapo na Hitler. Kwamitin binciken da aka kafa ya gano cewa lallai akwai ofishin da ke tattara irin waɗannan rahotanni, amma ya wanke Drew, kuma kafin ya gama aiki an riga an yi zaɓe. CCF ta faɗo zuwa kujeru 8, Jolliffe ya rasa tasa. Ya ƙwato ta a 1948, ya sake rasa ta a 1951. Cikin shekara takwas kujerar ta sauya hannu sau huɗu.

Wanda ya zaunar da ita wuri ɗaya shi ne Donald C. MacDonald. An zaɓe shi shugaban CCF a 1953, lokacin da jam'iyyar take da kujeru biyu rak, ya yi shekara biyu yana jagoranci daga wajen majalisa, sannan ya ci York South a 1955. Shekara 27 ya yi a kanta. A hannunsa jam'iyyar ta haɗe da ƙungiyoyin ƙwadago ta koma NDP a 1961, ta kuma tashi daga kujeru 3 zuwa 20 a zaɓen 1967. A zamaninsa unguwar ta fara sauya fuska: 'ya'yan leburorin Ingila suna komawa sabbin unguwanni, Italiyawa magina da masu aikin titi suna shigowa. Sunayen da ke kan ƙofofi suka canza, amma sana'ar mazauna tana nan, kuma MacDonald ya iya riƙe sabbin kamar yadda ya riƙe na da. A ganina shi ne ya fi kowa cancantar a tuna da shi a wannan labari, duk da cewa bai taɓa kusantar mulki ba. Wanda ya zo bayansa gona shararriya ya tarar.

Wannan mutumin shi ne Bob Rae. Matashin lauya ne da ya yi suna a majalisar tarayya, domin shi ya gabatar da ƙudurin da ya rusa gwamnatin Firayim Minista Joe Clark a watan Disamba 1979. A Fabrairu 1982 aka zaɓe shi shugaban NDP na Ontario, ya yi watanni ba shi da kujera, har MacDonald ya sauka ya ba shi tasa. Ya ci zaɓen cike gurbi a Nuwamba 1982. A 1985 ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyu da David Peterson na Liberal, suka kawo ƙarshen mulkin masu ra'ayin riƙau da ya shekara 42 ba katsewa. Amma ladan yarjejeniyar Peterson ya kwashe. A zaɓen 1987 Liberal ta share kujeru 95 cikin 130, kuma a York South magajin garin York, Alan Tonks, ya matsa wa Rae lamba har da ƙyar ya kai bantensa, da tazarar ƙuri'u ɗari uku da 'yan kai.

A tsaya a dubi wannan adadi. Mutum ɗari uku ba su cika bene ɗaya daga cikin benayen titin Weston ba. Da rabinsu sun sauya ra'ayi a ranar, da shugaban jam'iyya ya rasa kujerarsa, da wuya kuma ya ci gaba da jagoranci. Shekara uku bayan nan, ranar 6 ga Satumba 1990, wannan mutum da ya sha da ƙyar ya ja NDP ta ci kujeru 74 cikin 130 da kashi 37.6 cikin ɗari na ƙuri'u, ya zama Firimiya. Ita ce gwamnatin NDP ɗaya tilo da aka taɓa yi a Ontario.

Mulkin bai zo masa a sa'a ba. Tattalin arziki ya durƙushe, masana'antu suna rufewa, bashi yana hawa. A 1993 gwamnatinsa ta yi dokar da ta tsayar da ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, ta kuma tilasta wa da yawansu hutun da ba biya har kwana 12 a shekara. Hujjarsa ita ce gara kowa ya rage kaɗan da a kori dubbai. Ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda su suka ɗora shi, suka ɗauki abin cin amana, har yau kuma mutanen Ontario da sunansa suke kiran waɗancan ranaku. A 1995 NDP ta faɗo zuwa kujeru 17. York South ba ta yashe shi ba, amma ya ajiye kujerar a farkon 1996. A zaɓen cike gurbin watan Mayu, Gerard Kennedy na Liberal, wanda ya shekara goma yana tafiyar da Daily Bread, babban rumbun da ke raba wa mabuƙata abinci a Toronto, ya kayar da David Miller na NDP. Shekara 41 na riƙon jam'iyya ɗaya suka ƙare a hannun mutumin da talakawan unguwar suka san sunansa ta hanyar buhun abinci. Shi kuma Miller da aka kayar ya zama magajin garin Toronto a 2003.

Daga nan sai taswira ta shigo. Gwamnatin Firimiya Mike Harris ta yi doka a 1996 ta rage kujerun majalisa daga 130 zuwa 103, ta ce iyakokin mazaɓun lardi su bi na tarayya. A zaɓen 1999 York South ta ɓace, aka haɗa yawancinta da sassan maƙwabta aka samu York South-Weston. 'Yan majalisa biyu na Liberal suka tsinci kansu a gida ɗaya. Joe Cordiano, ɗan asalin Italiyawa, shi aka bai wa takara, Kennedy ya koma mazaɓar Parkdale-High Park. Ba mai zaɓe ko ɗaya da aka tambaya. Irin wannan ba ya fitowa a jadawalin sakamako, amma sau da yawa alƙalamin mai zana iyaka ya fi shekara goma na yaƙin neman zaɓe tasiri.

A ƙasa kuma unguwar tana sake sauyawa. CCM ta rufe a 1983, Kodak ta bi baya a 2005, lokacin da kyamarar zamani ta kashe kasuwar fim. Aikin ma'aikata mai ƙungiya da fansho ya tafi, aikin awa-awa ya maye gurbinsa. Haya tana da sauƙi idan aka kwatanta da tsakiyar gari, sai sabbin baƙi suka riƙa sauka nan: 'yan Fotugal, 'yan tsibiran Karebiyan, 'yan Latin Amurka, 'yan Biyetnam, da Somaliyawa da suka gudo bayan rushewar gwamnatinsu a 1991, da 'yan Afirka ta Yamma.

Waɗannan mutane ne aka kira zaɓen cike gurbi ranar 8 ga Fabrairu 2007, bayan Cordiano ya ajiye minista da kujera gaba ɗaya. Liberal ce ke mulki a ƙarƙashin Dalton McGuinty, kuma kowa ya ɗauka kujerar tata ce. Ta tsayar da Laura Albanese, haifaffiyar Italiya, wadda ta daɗe tana karanta labarai da Italiyanci a talabijin, fuskar da kowane tsoho a unguwar ya sani. NDP ta tsayar da Paul Ferreira, wanda aka haifa a tsibiran Azores na Fotugal, ɗan leburori. Maganarsa guda ce, ya yi ta maimaita ta a ƙofar gidaje cikin sanyin da ke daskarar da yatsu: a mayar da mafi ƙarancin albashi dala 10 a awa. A lokacin dala 8 ne. Wata biyu kafin nan 'yan majalisa sun ƙara wa kansu albashi da kashi 25 cikin ɗari, kuma mai wanke-wanke a otal ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da hakan yake nufi. Akwai kuma ƙorafin mutanen Weston kan jirgin ƙasan da ake shirin yi daga tsakiyar gari zuwa filin jirgin sama, wanda zai riƙa ratsa unguwarsu da hayaƙin dizal, a toshe musu tituna, su kuwa ba su amfana ba.

Ferreira ya ci, da tazarar ƙuri'u ɗari uku da 'yan kai. Ba a yi wata biyu ba gwamnati ta gabatar da kasafin kuɗi, a ciki ta yi alkawarin ƙara mafi ƙarancin albashi kashi-kashi har ya kai dala 10.25 a 2010, kuma ta cika. Ba Ferreira kaɗai ya yi wannan aiki ba. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna fafutuka, kuma Cheri DiNovo ta NDP, wadda ta ƙwace tsohuwar kujerar Kennedy a Satumba 2006, ita ta kai ƙudurin dala 10 majalisa. Amma asarar York South-Weston ce ta nuna wa gwamnati cewa maganar za ta iya cinye mata kujeru, ga babban zaɓe saura wata takwas. A lissafa: mai aikin awa 40 a mako a kan dala 8 yana samun 320, a kan dala 10.25 kuma 410. Dala 90 ke nan a kowane mako, kuɗin cefane, ga dubban ɗaruruwan mutane a faɗin lardin, mafi yawansu ba su taɓa taka titin Weston ba. Jirgin ƙasan ma da aka buɗe a 2015 yana tsayawa a tashar Weston.

Shi Ferreira wata takwas kawai ya yi a majalisa. A babban zaɓen Oktoba 2007 Albanese ta kayar da shi da ƙasa da ƙuri'u 500, ta sake kayar da shi a 2011 da 2014, ta shekara kusan 11 a kujerar, har ta zama ministar harkokin baƙi da zama ɗan ƙasa. A wannan ranar zaɓe ta 2007 an tambayi mutanen Ontario ko suna son a sauya tsarin mai rinjaye ya kwashe duka da wanda zai raba kujeru daidai da ƙuri'u. Kusan kashi 63 cikin ɗari suka ce a bar shi yadda yake.

Shekarun baya-bayan nan sun zo da sabbin sunaye. A zaɓen tarayya na 2015 mazaɓar ta tura Ahmed Hussen, wanda ya shigo Kanada daga Mogadishu yana ɗan gudun hijira mai shekara 16, ya zama haifaffen Somaliya na farko a majalisar tarayya, a 2017 kuma ministan shige da fice. A zaɓen lardi na 2018, lokacin da Liberal ta rushe zuwa kujeru 7, Faisal Hassan na NDP, shi ma haifaffen Somaliya, ya karɓe kujerar daga Albanese. Bayan shekara huɗu Michael Ford, ɗan 'yar'uwar Firimiya Doug Ford, ya kayar da shi da ƙasa da ƙuri'u 1,000. Rabon masu ra'ayin riƙau da cin wannan kujera tun 1951, shekara 71 ke nan. Kashi 37 cikin ɗari ma bai cika samu ba, domin NDP da Liberal sun raba sauran a tsakaninsu.

Akwai abin da yake damuna a wannan sakamako, ba don wanda ya ci ko wanda ya faɗi ba. A zaɓen 2022 kusan kashi 44 cikin ɗari ne kawai na masu rajista suka fita a faɗin Ontario, mafi ƙaranci a tarihin lardin. A mazaɓa irin wannan mai mutum sama da 100,000, wajen rabinsu a wata ƙasa aka haife su, akwai kuma dubbai da doka ba ta ba su ƙuri'a ba. Sai ɗan ƙasa mai shekara 18 ke zaɓe. Mai takardar zama ta dindindin yana aiki, yana biyan haraji, 'ya'yansa suna makarantar unguwa, amma sai ya cika shekarun da ake buƙata ya yi rantsuwa kafin sunansa ya shiga rajista. Wanda ya samu damar kuma wataƙila yana tsakanin aikin rana da na dare. Ta haka ake wayar gari mutum dubu goma sha ɗaya sun zaɓar wa mutum dubu ɗari wakili, a unguwar da tarihinta ya nuna ƙarara abin da ƙuri'u ɗari uku suke iya yi.

Michael Ford ya zama minista, amma bai sake tsayawa ba. A zaɓen 27 ga Fabrairu 2025 masu ra'ayin riƙau suka tsayar da Mohamed Firin, shi ma daga cikin al'ummar Somaliyawa, NDP ta dawo da Faisal Hassan. Shekara 30 da suka wuce waɗannan mutane baƙi ne masu neman mafaka, yanzu jam'iyyu biyu da ba sa ga maciji kowacce daga cikinsu ta ɗauko ɗan takara. Firin ya ci, ɗan takarar Liberal yana biye da shi da 'yar tazara, Hassan ya zo na uku.